Sanduna Uku a Ƙofar Yeonsim

Jeju, ƙarshen kaka

Yaya Gyewol,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya gwiwar? Ki riƙa ɗaure ta da ƙyalle mai ɗumi kafin sanyin Busan ya kankama. Ni jikina lafiya, ina cin abinci, kada ki sa wannan a ranki.

Rigar sanyin da kika aiko ta iso, na gode. Ki yafe mini jinkirin amsa. Tun da aka binne ’yata Hwaja hannuna ba ya son alƙalami, kuma kin san dama karatuna bai yi nisa ba.

Kin tambaye ni ko na koma ruwa. Ban koma ba. Gorar da nake iyo da ita tana rataye inda na rataye ta ranar, kusa da tata. Tun ina yarinya nake nutso a tekun nan, amma yanzu ko hanyar da ke gangarawa bakinsa ba na bi. Ruwan saman da na tara a randa nake sha, don kada in je idon ruwa na bakin gaɓa. In iska ta juyo daga can takan kawo fiton matan, wannan fiton da muke yi in mun ɗago kai muna sakin numfashi. Sai in shige ɗaka in ja ƙofa. Ranar nan kowa ta ɗago ta yi nata, ni ina rungume da gorata ina jiran na ’yata. Har yau kunnena bai daina jira ba.

Gona ma ba na zuwa. A kusurwar gonar sha’ir aka sa ta, kusa da ubanta, aka kewaye ta da duwatsu. Lokacin shuka ya zo ya wuce, ban ɗauki iri ba.

Na gicciya sandunan ƙofa duka uku. Kin san in maƙwabta suka ga uku, mai gida ta yi nisa ke nan, ba mai tsallakawa. Suna ganin hayaƙin murhuna safe da yamma, amma tunda sanda ta ce ba na nan, to ba na nan.

Maganar in koma wurinki da zama, na ji. Wani lokaci nakan ga gara hakan. Tsibirin nan ya zame mini baƙin dutse da iska kawai. Ki bar ni in yi tunani.

Ƙanwarki,
Yeonsim

Busan, farkon sanyi

Yeonsim ƙanwata,

Ina gaishe ki. Gwiwa da sauƙi, kasuwa ma ba laifi, busasshen kifi yana tafiya. Takardarki na karanta ta a rumfa, sai da na juya wa mutane baya.

Tunanin me kuma za ki yi? Mace ta rufe kanta a ɗaki da gora biyu a rataye, ba ta shuka ba, ba ta ga fuskar kowa ba, wannan zama ne? Ke kaɗai kika rage mini a cikin ’ya’yan Inna. Ɗakin baya yana nan, yana samun rana da safe, kuma daga tagarsa ba a ganin teku, sai rufin mutane. Za ki zauna kusa da ni a rumfa, ki auna kifi, mu dawo tare.

Na san ki, ba za ki ɗaga ko tukunya daga gidan nan ba sai singugan, ’yan kwanakin nan na ƙarshen sanyi da allolin gida suke hawa sama, mutum ya samu ya kwashe kayansa ba tare da ya taka wa wani ƙafa ba. Ni na daɗe da barin waɗannan abubuwa, amma ba zan yi miki gardama ba. To ki shirya a na bana. In ya wuce sai baɗi, kuma ban yarda ki kai baɗi a haka ba.

Ni ba zan zo ɗaukar ki ba, kin san dalili. Tun shekarar da aka ƙone ƙauyukan tudu aka tafi da mijina, na ce ƙafata ba za ta sake taka ƙasar nan ba. Ta ci nawa, yanzu ta ci taki. Me ya rage da za mu ba ta?

Ki amsa mini da wuri.

Yayarki,
Gyewol

Busan, tsakiyar sanyi

Yeonsim,

Ina fatan lafiya ce ta hana ki rubutu. Mai kawo wasiƙu har ya fara sunkuyar da kai in ya hango ni.

Tunda ba ki ce a’a ba, na ɗauka kin yarda, nauyin faɗa ne kike ji. Na sallami ɗalibin da ke zaune a ɗakin baya, na liƙa sabuwar takarda a bango. Malsun za ta hau jirgi ta zo ta taya ki ɗaure kaya. Ƙawarki ce tun lokacin da kike zuwa nutso nan ƙetare kina sauka gidanta, ba sai kin yi mata baƙunta ba. Ba ta taɓa zuwa tsibirin ba, ’yar cikin duwatsu ce, tun yanzu tana tsoron amai a jirgi. Ku dawo tare.

Gyewol

Jeju, tsakiyar sanyi

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai ɗan tari da bai kai a faɗa ba. Shirun da na yi ba amsa ba ne, rashin abin faɗa ne. Na ji nauyin maganar ɗalibin nan da kika sallama cikin sanyi.

Malsun ta iso. Ina ɗaka na ji murya daga bakin hanya: “Uwar Hwaja! Ko kin mutu ne?” Yaya, tun ranar binnewa ba wanda ya kira ni da sunan nan. Na lallaɓa na nufi ƙofa.

Da na leƙa, sai na gan ta fuska ta yi fari saboda jirgi, ƙunshin kaya a ka, tana zare sandunan ƙofa ɗaya bayan ɗaya tana yarwa gefe.

“Wane irin gida ne wannan?” in ji ta. “Ba ƙyaure, ba sakata, sai itace uku kamar an killace ɗan maraƙi. Ɓarawon garinku gurgu ne?”

Na ce mata ba mu da ɓarayi. Ta ce to me ake tarewa? Ban samu bakin yi mata bayani ba, don ta riga ta rungume ni, tana kuka tana zagina wai na rame kamar kifin rumfarki.

Ba a daɗe ba na ji tari a tsakar gida. Samchun Bongnyeo ce, shugabar masu nutso, kina tuna ta, mai haƙori ɗaya a gaba. Tana riƙe da kwanon kunun katantanwar teku da zafinsa, ban san yaushe ta dafa shi ba. Ta tsaya ta dube ni ta ce, “An dawo? Tafiyar ta yi tsawo.”

Malsun ta ce, “Tafiya ina? Matar nan ko bakin ƙofa ba ta kai ba, dubi takalminta, gizo-gizo ya yi gida.”

Samchun ta kalle ta daga sama har ƙasa. “Wannan daga ƙetare take ko?”

Na ce e.

“Ana gani,” in ji ta. Ta ajiye kwanon a gabana ta ce, “Sha. Wanda ya dawo daga nesa da yunwa yake dawowa.”

Na so in ce ba ni na sauke sandunan ba, amma sai na ɗauki kwanon na sha. Kafin rana ta faɗi mata sun cika ɗakin, wata da lemo, wata da busasshiyar ciyawar teku ta miya. Ba wadda ta yi mini ta’aziyya, sun riga sun yi. Labarin wanda ya yi aure da wanda aladensa ya haihu suka riƙa ba ni, kamar dai na dawo daga Busan. Malsun rabin maganarmu take ganewa, sauran rabin ta cike da dariya.

Washegari na tashi da niyyar mayar da sandunan, sai na tarar ta shanya barguna a kan biyu. Na ukun kuwa yana hannunta. Ta je bayan gida, ta tsuguna a kan duwatsun, baƙin aladen da muke kiwo a ƙarƙashin wurin ya ɗago kai ya yi mata gurnani. Ta fito a guje tana riƙe da ɗaurin wandonta. “Akwai mutum a ƙarƙashi,” in ji ta. Tun daga nan ba ta shiga sai da sandar. Ta sa masa suna Maigida, wai kallon da yake mata irin na marigayin mijinta ne in abinci ya makara.

Na yi dariya, Yaya. Ta fito mini ba shiri, har ƙirjina ya yi ciwo, daga baya na ji kamar na ci amanar yarinyar.

Kaya mun fara ɗaurewa. Tukwane biyu da kayan sawa suna cikin akwati. Amma aikin ba ya sauri, don komai ta ɗauka sai ta tambaya. Me ya sa aka ɗaure rufin ɗaki da igiya kamar ƙunshin kaya? Me ya sa katangunmu duk huda ce? Na ce don iska ta wuce, in an toshe ta sai ta ture katangar. Ta tsaya ta sa ido a wata huda ta daɗe, ta ce, “Zo ki gani, teku ya shiga rami.” Ban je ba.

Ki gaida maƙwabta.

Yeonsim

Busan, kusa da singugan

Yeonsim,

Na samu takardarki. Lafiyata ƙalau.

Na aiki Malsun ta ɗaure kaya, ashe yawon kallon alade na aike ta. Na karanta daga farko har ƙarshe ina neman ranar da za ku hau jirgi, ban gani ba. Tukwane biyu. Har yanzu tukwane biyu.

Kina ba ni labarin kunu da lemo kamar wani abin kirki. Ina suke duk watannin nan? Suna ganin hayaƙinki, sun san kina ciki ke kaɗai da gorar yarinyar, itace uku ya hana su shiga? Da kin mutu a ɗakin, da sai su ce sanda ce ta ce ba kya nan. Haka suka yi shiru lokacin da aka tafi da mijina ma, kowa ya ja ƙofarsa. Na san mutanen nan kafin ki san su.

Ban hana ki dariya ba, na ji daɗi da kika yi. Amma na gane abin da takardarki take faɗa ko da ba ki faɗa ba: kin samu ’yan’uwa a can, ta Busan ta zama ta aiken riga. In haka ne ki faɗa mini kai tsaye, in san abin da zan yi da ɗakin.

Gyewol

Jeju, bayan singugan

Yaya Gyewol,

Ina gaishe ki da girmamawa. Tarin ya tafi. Ke kuma kin ce lafiyarki ƙalau, zan zo kan wannan.

Takardarki ta yi mini zafi. Ban ce na samu waɗanda suka fi ki ba, kuma ba zan taɓa faɗa ba. Bari in ba ki labarin yadda abin ya kasance, ki yi mini hukunci bayan kin ji.

Malsun ta wanke duk abin da ke gidan har randa ta ƙafe. Ta ɗauki tulu za ta idon ruwa. Na ce ta goya shi a baya cikin kwando yadda muke yi, ta ce ita ba jariri ta haifa ba, a ka ake ɗaukar ruwa a duk duniya. Ta tafi. Ta dawo jiƙe sharkaf, da wuyan tulun kawai a hannu. Iska ta ɗauke shi daga kanta a kan kwana. “Garinku ko ruwa sai an yi kokawa,” in ji ta. Saura tulu ɗaya a gidan, ban yarda ta fasa shi ba. Haka na goya shi na bi ta, kaina a ƙasa, ina kallon ƙafafuna.

Muna cikin ɗiba sai ta kama hannuna. “Tsaya. Wane tsuntsu ne wannan?”

Matan ne suna aiki a bayan duwatsu. Na ce ba tsuntsu ba ne, mutane ne. Ba ta yarda ba. Ta ce duk shekarun da na sauka gidanta ba ta taɓa bin mu bakin ruwa ba, ba ta san muna kuka irin na tsuntsaye ba. Wai in yi mata ta gani. Na ce ba a yi a tudu. Ta nace, ta tsuke baki tana hura iska kamar mai kiran kaji, har abin ya ba ni haushi na ce ba haka ba ne, na ja numfashi na yi mata. Ya fita da ƙarfi, Yaya. Daga cikin ruwa wata ta ɗago hannu.

Na zauna a kan dutse na yi kukan da ban yi ba ranar binnewa. Malsun ta zauna ta ba iska baya ta tare mini. Da na share ido na duba, ruwan yana nan kore a kusa, baƙi a nesa, gorunan suna rawa a kai. Ta ce ita ba ta taɓa ganin wuri mai kyau haka ba, kuma tana jin kunyar faɗa a gabana. Na ce ta faɗa. Hwaja ma takan faɗa.

Kashegari ta ce sai na kai ta ta gaida yarinyar kafin mu tafi. Na kai ta. Yaya, gonar da ban shuka ba kore take shar, sha’ir ya fito ya kai tsawon yatsa, layi-layi har gindin duwatsun kabarin. Na tsaya kamar an dasa ni. Daga baya na tambayi Samchun Bongnyeo, ta ce, “Mai gona ta yi tafiya, sai a bar ƙasa ta zauna banza? Ranar girbinmu ki zo da laujenki, shi ke nan.” Kin ce ina suke. Ban ce sun yi daidai da suka bar ni ba, ni ma ban sani ba. Ƙofa ce ba su tsallaka ba, amma gona ba ta da sanda.

Malsun ta zuba wa Hwaja ɗan ruwa, ta zagaya kabarin, ta ga ’yar kafar da ake bari a jikin duwatsun. Na ce ƙofar Hwaja ce, ta nan take fita ta shiga. Sai ta ce nata ɗan da ya mutu yana kan wani dutse mai nisa, sau biyu a shekara take iya hawa, sauran kwanakin shi kaɗai yake da itatuwa. “Ke taki tana cikin gona. Kina cire ciyawa tana jin ki. In kin tafi wa zai riƙa yi mata surutu?” Sai ta toshe bakinta ta ce, “Yayarki za ta kashe ni.”

Ni abin da ya hana ni zuwa gonar ke nan, cewa tana ciki. Ban taɓa juya shi ta wancan gefen ba.

Yanzu maganar lafiyarki. Ana gobe singugan zai fita, akwati yana bakin ƙofa, Malsun ta gaya mini kin faɗi a matakalar unguwarku da kaka, kin kwana biyu ba ki iya tashi ba, sai ɗalibin nan ne ya riƙa miƙa miki ruwa. Ta ce kin hana ta faɗa, amma ba za ta bar ni in yanke shawara da rabin labari ba. Me ya sa kika ɓoye mini? Kina ta cewa saboda ni ne, ashe ke ma kina bukatar mutum a gidan.

Na yini ina kai kawo tsakanin akwatin da ƙofa. Da kin ce mini zo ki riƙe ni, wataƙila da na zo ban waiwaya ba. Ko yanzu ban san ko na yi daidai ba. Amma na raka Malsun jirgi ita kaɗai. Kwanakin sun fita, alloli sun sauko, na mayar da tukwane kan murhu.

Ba zan iya barin ta ba, Yaya. Ruwa kuwa ban koma ba tukuna, ban san ko zan koma ba. Bayan girbin sha’ir zan zo in yi miki wata guda, in ga gwiwar da idona. Ziyara ba ta bukatar singugan. Ki nemo ɗalibin nan ki mayar da shi ɗakin, ina roƙon ki. In kin yi fushi da ni kina da gaskiya.

Ƙanwarki,
Yeonsim

Busan, farkon bazara

Yeonsim,

Ina gaishe ki. Gwiwar tana nan yadda take, tunda yanzu ba abin ɓoyewa.

Na daɗe ban amsa ba don ban so in rubuta abin da zan yi nadama. Na je tashar jirgi ranar, na tsaya har mutane suka gama sauka, na ga Malsun da buhun lemo ita kaɗai. Ba zan ce miki ban ji ciwo ba. Har yanzu ina ji. Ɗalibin ya samu wani wuri, ɗakin yana nan a rufe da sabuwar takardarsa. In kin zo bayan girbi a nan za ki kwana.

Malsun ba ta da magana yanzu sai ta tsibirin. Ta ishi ’yan kasuwa, ta ishe ni. Na ce mata a can aka haife ni, ba sai an ba ni labari ba, amma kin san bakinta.

Ta ce ta sa kin kai ta tudu, inda gidan aurena yake a da. Wannan ba ki rubuta mini ba. Ta ce ba kowa a wurin, katanga ta zube, ƙaya ta cinye tsakar gida. Amma wai itacen dongbaek da ke bayan madafi yana tsaye, ya fi rufin ɗaki tsawo, jajayen furanninsa sun zuba sun rufe ƙasa. Na ce mata ƙarya take yi, ko kuma gidan wasu kuka shiga. Mijina ne ya dasa shi shekarar da aka kai ni, don in riƙa samun man kitso. Da idona na ga wuta ta kama shi.

Ita baƙuwa ce, komai ta gani kyau yake mata. Ke kin san shi. In kin samu rana mai sauƙin iska, ki hau ki duba mini da kanki, ki duba gindin ko akwai tabon wuta. In shi ne, ki tsinko ganye ɗaya ki sa mini a cikin takarda. Kada ki sa fure, zai lalace a hanya.

Yayarki,
Gyewol